Goron da Inna Ta Tafi Nema

Shekaranjiya jikata ta zo gaishe ni da jaririnta, ɗanta na fari, kuma tun daga bakin ƙofa take kwaɗa masa kira da sunansa na yanka kamar mai tallan kifi. Ta ɗaga shi sama, ta sumbace shi a goshi, ta manna fuskarta da tasa ta ɗauki hoto da salula, duk a gaban uwar mijinta da ta rako ta. Ita kuwa uwar mijin sai dariya take, har da gyara musu tsayuwa. Na ce, "Ke, ba ki jin nauyi?" Ta ce, "Nauyin me, Kaka? Ba ni na haife shi ba?" Shi ke nan na ƙyale ta, don in na biye mata jinina ne zai hau. Amma tun da suka tafi abin yake ci na, kuma ba rashin kunyarta kaɗai ba. Har da wani tsohon gini a Harobanda, hayin kogin Yamai, da aka ce mini an rushe an yi shaguna a wurin, da wata Annasara da ta kusa kashe ni da takaici ina da ƙuruciyata.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Yamai ba ta kai rabin rabin yadda take yanzu ba, babu gada a kan kogi, in kana son Harobanda sai ka jira jirgin fito ko ka shiga kwalekwalen masunta. Can hayin kuwa ba kome sai lambuna da bukkoki da kukan jakuna. Mu mutanen Maradi ne. Maigidana direban gwamnati ne, aiki ya kawo shi, ya ɗauko ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. A nan na haihu, namiji, aka sa masa sunan baban maigidana. Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan yake nufi ba, bari in faɗa musu. A gidan mutunci mace ba ta kula ɗanta na fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. In za ta ba shi nono sai ta shige ƙuryar ɗaki. Balle ni, da sunan ya zama na surukina. Inna ma ba ta iya faɗar sunan, tunda na mijinta ne, sai ta ce masa Maigida. Ita ke goya shi, ita ke masa wanka, ni kuwa in bi ta gefensa kamar ban san daga inda ya fito ba. Ba wanda ya tilasta mini. Da hakan na taso, kuma ina alfahari da yadda na iya.

Yana da shekara ɗaya da ƴan watanni ƙyanda ta shigo unguwa da bazara. Ƙurajen sun fito sun bushe, muka ce an tsira, sai zawo ya kama shi, bakinsa ya yi miki, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Maigidana ya tafi rangadi gabas da wani babba, ba hanyar aika masa. Inna ta yi jiƙo, ta karɓo rubutu, abin sai gaba yake. Maƙwabciyarmu ta ce mu kai shi wurin su maser a hayi. Haka ake kiran matan nan Kirista masu fararen riguna, waɗanda ba su aure, sun baro ƙasarsu sun zo suna ba da magani. Inna ba ta so ba, don ana cewa yaron da suka riƙe sai sun zuba masa ruwa a ka. Amma da ta ga idonsa ya faɗa, da kanta ta goya shi muka kama hanyar kogi. Ni ina baya da tabarma da kwano, ko bayanta ba na kallo.

Gidan likitar dogon gini ne mai rufin kwano, da itatuwan dogon yaro a gabansa, mutane sun yi layi har bakin shinge. Wadda ke duba yara doguwa ce siririya, fuskarta ja kamar an gasa, mutane na ce mata Maser Doguwa. Ba ta cika shekara da zuwa ba, Hausarta ta littafi ce, kowace kalma tsaye ƙiƙam. Tare da ita akwai wata dattijuwar Bazabarma mai suna Haisa da ke mata tafinta da riƙon yara. Aka rataye yaron a ma'auni jikin reshe kamar naman mahauta, Maser ta duba, ta girgiza kai, ta ɗauko karne, littafin rubutunta, za ta rubuta.

"Sunansa?"

Inna ta ce, "Sunan maigidana gare shi."

"To, yaya sunan maigidanki?"

Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi! Ji mata!" Aka yi ta fama, sai da ta juya wajen Haisa ta ce, "Sunan Annabin nan da wuta ba ta ƙone ba." Haisa ta faɗi sunan, aka rubuta. Sai Maser ta ce ina uwarsa. Ina can nesa ina kallon ganyen itace, Haisa ta nuna ni. Maser ta kira ni, na zo. Ta ce in ɗauke shi, ban motsa ba. Ta ce in ba shi nono ta gani, a nan, gaban Inna, gaban layi har da maza masu gemu. Na ja mayafi na rufe fuska. Sai ta sunkuyo ta yi mini tambayar da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

"Kina son yaron nan, ko ba ki so?"

Jama'a, wace irin tambaya ce wannan? Na ba ta amsar da kowace ɗiyar kirki za ta bayar. Na ce, "Ni ba nawa ba ne, na Inna ne." Na ji matan layi suna gyaɗa kai, wata tsohuwa har da sa mini albarka. Ita kuwa Maser wuyanta ya ƙara ja. Ta rubuta wani abu da ƙarfi har alƙalamin ya huda takarda, ta rungumi yaron ta nufi ɗakin da suke ajiye jariran da uwayensu suka mutu. Haisa ta bi ta tana mata bayani da Faransanci, cewa al'ada ce, su ma Zabarmawa suna yi. Daga baya Haisa ta gaya mana abin da Maser ta ce. Wai al'ada ba ta ramar da yaro haka, wai watan jiya ma wata ta ajiye jariri gindin itace ta gudu, ita ta san uwar da ba ta son ɗanta in ta gan ta. Babbarsu, wadda ta daɗe a ƙasar, ta tafi ganin gida, ba mai taka mata birki. Inna ta tada jijiyar wuya ta ce a ba ta jikanta. Maser ta ce in aka mai da shi gida ba zai kai Juma'a ba, allura yake bukata safe da yamma. Inna ta dubi yaron, ta san gaskiya ce. Kuma dokar ɗakin nan, dangi ba su shiga, don wai muna ɗura wa yara jiƙo a ɓoye. Wannan kam ba sharri ta yi mana ba, muna yi. Haisa ta ce mana, "Kala suru," wato sai haƙuri, muka shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro tare da sauran masu jinya.

A zaman nan na ga yadda matan nan suke rayuwa, kuma har yau ban gama mamakinsu ba. Tun da asuba, muna alwala, za ka ji ƙararrawa, su shiga wani ɗan ɗaki su yi ta rera waƙa da siraran muryoyi. Su fito su ɗora tukunya a kan risho su dafa allurai, wadda ta dakushe a wasa ta a dutse. Bandeji ba a zubarwa, a wanke, a dafa, a shanya, a naɗe, gobe a ɗaura wa wani. Suna da firiji mai aiki da kananzir inda suke ajiye magani, kullum sai ka ga Maser Doguwa durƙushe a gabansa tana gyara lagwani tana masa faɗa da harshensu. Suna da wata ƴar mota kamar kwanon awo, ba ta tashi sai masu jinya sun tura. Abincinsu ɗanyen ganye daga lambu da busasshen burodi, Inna ta ce abincin awaki. Kome nasu da agogo, ci da agogo, addu'a da agogo, barcin rana ma da agogo, da an ci abinci sai su rufe tagogi, gidan ya yi tsit har wajen la'asar. Inna takan taɓe baki ta ce, "Mata ba miji ba ɗa, su ne za su koya mana goyo." Amma ita ɗin ce kuma, ranar da ta ga Maser ta ɗora ƙafar wani kuturu a cinyarta tana wanke gyambon da ƙudaje suka rufe, ta ce, "Ni dai ba zan iya ba." Yau in ka je kilinik, mai farar riga ko kallonka ba ta yi, idonta na kan salula. Waɗancan kuwa kallonka suke har ya yi yawa, su ga abin da babu.

Don in kusanci ɗakin sai na shiga wankin bandeji, tunda igiyar shanya tana bayan tagarsa. Jarirai wajen bakwai ne a ciki, amma kukansa daban nake ji. Ranar farko kuka yake da ƙarfi. Rana ta biyu ya dishe. Rana ta uku sai wani ɗan nishi kamar na mage. Haisa ta ce allura ta tsai da zawon, amma madarar gari da ake dama masa ya ƙi, da an sa cokali sai ya kau da kai. Ni kuwa ƙirjina ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya kama ni, kuma ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce a ba ni ɗana ba. Ta ina zan fara, Inna tana zaune? Ina jin haushin Maser, ina jin haushin kaina, ina dirzar bandeji kamar shi ya yi mini laifi. A ranar ta ukun nan wata jaririya ta rasu a ɗakin. Ina tsugune bayan shanya sai ga Maser Doguwa ta zo, ba ta gan ni ba, ta tsaya tsakanin zannuwan gado ta toshe baki da hannu tana kuka har kafaɗunta na rawa. Ta gama, ta share fuska da gefen lulluɓinta, ta fita, nan take na ji ta tana yi wa wani tsoho tsawa ya koma layi.

Rana ta huɗu, bayan sun rufe tagoginsu, Inna ta dubi gaban rigata da ya jiƙe sharkaf. Sai ta miƙe tana gyara ɗauri ta ce, "Ke ɗiyar nan, gorona ya ƙare. Zan gangara bakin kogi in nema. Ba na jin zan dawo kafin la'asar." Alhali ni da hannuna na naɗe mata goro biyar a jiƙaƙƙen tsumma da safen nan, ga ƙullin ma a gefen zanenta. Ta leƙa baranda ta ce, "Haisa, taso ki raka ni, ban san hanya ba." Haisa ta taso, ta bar ƙofar ɗakin a sakaye, ba ta sa kuba ba. Tsofaffin nan biyu suka fita cikin tsakar ranar bazara, wadda ko jaki ba ya yarda ya shige ta.

Na shiga. Yana kwance a wani ɗan gadon ƙarfe, ba nauyi kamar ka ɗauki zane. Na zauna a ƙasa na sa shi a ƙirji. Da farko bai ma da ƙarfin kamawa, sai na matsa masa a leɓe, ya lasa, ya sake lasa, can sai ya kama. Wallahi ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba. Na kira shi, na sake kira, na yi ta kira ina kuka, duk na shekara guda da watanni da na haɗiye. Ya buɗe ido ya dube ni, yana sha.

Kwana uku Inna tana neman goro. Yaron ya fara ɗaga kai, ma'auni ya fara hawa, Maser Doguwa ta zo gindin itace tana washe baki tana nuna mana gwangwanin madara, wai mu ga aikin ilimi. Inna ta ce, "Ƙwarai kuwa, madara ta yi," ta juya ta tofar da tuƙar goro. A rana ta uku ta neman goron ne barci ya ƙi Maser, ta shigo ɗaukar wani abu, ta same ni zaune a ƙasa ina masa waƙa da sunansa. Ta tsaya kamar an dasa ta. Na zaci za ta ji kunya ta fita, ina! Sai faɗa.

"Me ya sa kika yi mini ƙarya?"

Ban taɓa ɗaga wa Annasara murya ba, amma ranar abin ya zo mini wuya. Na ce, "Ƙarya? Ke kika tambaye ni gaban uwar mijina, gaban maza! Wa yake irin wannan tambaya a bainar jama'a? Ke da na gani bayan shanya kina kuka, kika fito kina yi wa mutane tsawa, da na tare ki gaban layi na ce kina son yarinyar nan da ta mutu, me za ki ce mini?"

Ta dubi yaron, ta dubi gwangwanin madara a kan tebur, ta ɗaga yatsu huɗu tana kallonsu. Ta ce, "Kwana huɗu bai ci ba. Ni na hana shi." Ta faɗa a hankali, da wannan Hausar tata mai tsayuwa ƙiƙam, sannan ta juya ta fita ta jawo mini ƙofar.

Washegari ta sa aka kafa zana a kusurwar baranda, aka shimfiɗa tabarma a bayanta, don masu ɗan fari. Na ce to, ta yi hankali. Ashe da saura. Muna zaune da Inna sai ta fito ta kwaɗa mini kira, uwar wane, da sunan ɓaro-ɓaro, wai in shiga bayan zana in ba ɗana nono, ba mai ganina. Duk gindin itacen ya ɗauki dariya, ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ce, "Wannan mata ba za ta taɓa warkewa ba," ta miƙe ta tafi neman goro. Amma kafin a sallame mu na ga abin da ya sa na yafe mata. Wata yarinya ta zo da jariri da surukarta, Maser ta dube su, ta miƙa wa tsohuwar butar ƙarfe ta ce ta ɗebo mata ruwa a rijiyar lambu, alhali randa cike take. Mun yi kusan mako uku, muka hayo kogi, yana bayan Inna yana jan ɗankwalinta, ni ina baya da tabarma.

Ya girma, ya yi karatu, ya yi aikin gwamnati har ya gama, ya gina gida a unguwar Koira Kano ya ɗauko ni. Na haifi wasu bayansa, su ina kiran sunansu har in zage su. Shi kuwa tun daga ɗakin nan ban sake kiran sunansa yana ji ba. Yakan durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Inna ta ba shi labarin goron tun yana saurayi, irin hirar kaka da jika, na ji su suna dariya ta bayan danga. Ni da shi ba mu taɓa tada zancen ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi a wata kilinik mai sanyi kamar randa. Ɗakin kullum cike, matarsa, ƴaƴansa, surukai, abokan aiki, wannan na amsa waya, wancan na nuna shi ga wani ɗa da ke ƙasar waje. Ni ina kujera bakin ƙofa, na juya gefe ina jan carbi. Ranar ƙarshe, bayan azahar, ya buɗe ido ya dubi ɗakin, ya ce da ƙyar, "Hajiya ba ta da goro. Ku je ku nemo mata goro."

Ni yake ce wa Hajiya. Na gane.

Jikar nan tawa, ɗiyarsa, ta ce, "Baba, ai Kaka ta bar cin goro tun da haƙoranta suka zube."

Ya ce, "Ku tafi dukanku."

Suka dubi juna, suka ce zafin ciwo ne. Sai ta latsa salula ta kira wani, kafin ka ce me an kawo goro a leda a kan moto, ta sa mini a cinya ta ce, "Ga shi, Baba, an kawo." Ko mutum ɗaya bai ɗaga daga inda yake ba. Duk karatunsu, duk Faransancinsu, ba wanda ya kai Annasarar nan da ta zo daga wata duniya ta gane cikin mako guda. Kuma kada in ɗora musu duka. Bakina yana nan, da na ce ku fita da sun fita. Da wannan marar kunyar ce a wurina, da ta ture kowa ta rungume ɗanta. Ni na zauna ina kallon leda, shi yana kallona. Kafin la'asar ya cika.

Goron yana nan cikin kwanona, ya bushe ya yi baƙi, na hana a zubar. In rana ta take, yara sun tafi lakwal, manya sun tafi aiki, gida ya yi tsit, nakan tashi in sakaya ƙofa in kira sunan.